Jawabi Kan Wani Gidan Gona A Ingila Da Ya Haura Shekara 600



Jawabin wannan wata zai yi bayani ne a kan wani tsohon gidan gona da ke ƙasar Ingila. Idan aka ambaci Ingila, abin da kan zo wa mutum a rai shi ne birnin Landan da dogayen benaye da jiragen ƙasa. To, amma Ingila ma tana da ƙauyuka, tana da manoma da makiyaya, kuma kakanninsu sun sha fama da yunwa da mutuwar shanu kamar yadda manomi ko'ina a duniya yakan sha.

Sunan gidan Higher Uppacott. Yana kusa da wani ɗan ƙauye da ake kira Poundsgate, a gundumar Widecombe, cikin lardin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. An gina shi a ƙarni na 14, wato tsakanin shekarar 1300 da 1400. Ke nan gidan yana tsaye tun kafin Muhammadu Rumfa ya hau sarautar Kano a 1463. Har yau kuma yana nan, da bangonsa na dutse da jinkarsa ta ciyawa. A wannan yanki akwai gidajen da aka gina kusan lokaci ɗaya da shi, amma tuni sun zama kufai. Saboda haka abin tambaya shi ne, yaya aka gina shi, kuma me ya sa ya kai wannan lokaci bai rushe ba?

ƘASAR DA GIDAN YAKE

Kafin a gane gida, sai an gane ƙasar da aka kafa shi. Yankin ana kiran sa Dartmoor. Tudu ne mai faɗi, girmansa ya kai murabba'in kilomita 954, kuma ƙololuwarsa mafi tsawo ta kai mita 621 daga gaɓar teku. A saman tudun babu itatuwa sai jefi-jefi. Abin da ido zai gani shi ne gajeriyar ciyawa mai kaushi, da fadamu masu laka, da tarin duwatsu a kan kowane tsauni. Dutsen wurin irin mai taurin nan ne na tsaunukan Jos da Kufena, wanda guduma ba ta fasa shi da sauƙi.

Ruwan sama shi ne babban abin fama. A wani gari da ke tsakiyar tudun, mai suna Princetown, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 2,000, wato fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. Kuma ba a wata huɗu yake sauka ya ɗauke ba, kowane wata na shekara ana iya yin ruwa. Ga iska mai ƙarfi da ke tasowa daga teku ta yamma, ga hazo mai laima da kan rufe hanya har makiyayi ya ɓata, ga dusar ƙanƙara a lokacin ɗari. Ƙasar noman kuwa ba ta da zurfi kuma ba ta da ƙarfi, sai an ci ta da taki take ba da amfani.

Saboda haka arzikin mutumin wurin dabba ce. Idan lokacin zafi ya yi, a saki shanu da tumaki da ƙananan dawaki irin kuru su hau tudu su yi kiwo a makiyayar da ta zama ta kowa da kowa. Har daga ƙauyukan kwari na Devon akan koro shanu zuwa tudun, a biya kuɗin kiwo, a mayar da su gida kafin sanyi. Idan ɗari ya shigo kuwa, ciyawa ta daina tsiro, saniyar tatsa da ɗan maraƙi ba za su iya kwana a fili ba. Dole a sama musu rufi. Daga wannan bukata ce tsarin gidan ya fito.

YADDA AKA TSARA GININ

Turawan wurin suna kiran irin wannan gini da wani suna da ma'anarsa ita ce dogon gida. Fiye da guda 100 irinsa sun rage a Dartmoor. Gini ne guda ɗaya miƙaƙƙe, faɗinsa faɗin ɗaki ɗaya, rufinsa ɗaya, mutane a gefe guda, shanu a ɗaya gefen.

Magina ba su nemi shimfiɗaɗɗen wuri ba. Da gangan suka zaɓi gangare, suka shimfiɗa gidan daga sama zuwa ƙasa. Kan ginin na sama sukan haƙa shi ya shige cikin jikin tudu, don tudun ya tare masa iska. A nan mutane suke. Ƙarshen ginin na ƙasa kuwa na shanu ne. Dalili a fili yake: ruwa ba ya hawa tudu. Duk fitsari da ƙazantar da shanu za su yi, gangarawa za ta yi ta bar gidan, ba za ta komo wajen da ake girki da kwana ba.

A tsakiyar ginin akwai wani lungu da ya ratsa shi daga gaba zuwa baya, da ƙofa a kowane baki. Wannan lungu shi ne kamar zauren gidan, domin ta nan kowa ke shiga. Da magariba maigida da shanunsa ta ƙofa ɗaya suke shigowa. Shi ya juya ya yi sama zuwa wajen iyalinsa, su kuma su juya su yi ƙasa zuwa turakunsu.

Sashen mutane ya kasu biyu. Na farko babban ɗaki ne, a nan ake girki, a nan ake cin abinci, a nan ake hira da saƙa da karɓar baƙo, a nan kuma yawancin mutanen gida ke kwana kusa da wuta. Na biyu ƙaramin ɗaki ne a can ƙurya, wanda akan ajiye madara da cuku da sauran kayan abinci a ciki saboda sanyinsa, wani lokaci kuma a kwana a ciki. A farkon zamani abin da ya raba ɗakunan nan shamaki ne na katako da bai wuce tsayin mutum sosai ba. Daga samansa zuwa rufi fili ne, tun daga wannan kai har wancan.

Bangon kuwa da dutsen da aka tsinta a fili aka yi shi. Ba a sayo komai daga nesa ba. Aka share gona daga duwatsu, aka ɗauki duwatsun aka yi gini da su, aka cike tsakaninsu da ƙasa mai danƙo. Manyan duwatsu a ƙasa da kusurwoyi, ƙanana a sama. Kaurin bango yakan kai ƙafa biyu ko fiye. Tagogi ƙanana ne, babu gilashi, sai murfin katako.

SASHEN SHANU

Abin da ya sa sunan Higher Uppacott ya fita daban shi ne sashen shanunsa. A yawancin dogayen gidaje an riga an mayar da wannan sashe ɗakin zama ko na girki. A nan kuwa an bar shi yadda yake, har mai ziyara zai iya ganin yadda manomin da ya tsara wa dabbarsa wuri.

Tsarin irin wannan sashe kamar haka yake. A tsakiyar daɓen akwai kwata da aka jera da dutse, ta miƙe har ƙarshen bango, ta fita waje ta wata kafa a ƙasa. Shanu suna tsayawa layi biyu, kawunansu na duban bango, wutsiyoyinsu na duban kwata. A gindin bango ake zuba musu abinci, kuma akwai duwatsu masu rami da ake kafa turke a ciki. A jikin bango akwai 'yan siraran tagogi da iska za ta shiga amma ruwa ba zai shiga sosai ba. A ƙarshen bango, sama da bakin kwata, akan bar wata taga da ake watso kashin shanu waje ta cikinta, ya taru wuri ɗaya. A saman shanun kuma akan jera itatuwa a yi rumbun ingirici, wanda aka yanka aka shanya tun lokacin zafi.

Mai sauraro zai ce, me zai sa mutum ya kwana rufi ɗaya da saniya? Akan ce ɗumin jikin shanu yana taimaka wa mutanen gida a lokacin ɗari. Amma akwai dalilan da suka fi wannan ƙarfi. Uwargida za ta tatsi nono da asuba ba tare da ta fita cikin ruwa da duhu ba. Idan saniya za ta haihu da tsakar dare, maigida yana jin nishinta daga shimfiɗarsa. Ɓarawo ba zai kwance turke ba a ji motsinsa ba. Daɗin daɗawa, takin wata biyar ko shida yana taruwa a wuri guda, idan lokacin shuka ya zo a kwashe a kai gona. A ƙasar da ba ta da ƙarfi, wannan tarin taki shi ne abincin shekara mai zuwa.

WUTA A TSAKAR ƊAKI

A gidan farko babu bututun hayaƙi. Murhu a tsakiyar babban ɗaki yake, a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Itace yana da wuya a tudun, don haka abin da aka fi ƙonawa shi ne wata baƙar ƙasar fadama, wadda asalinta ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta dubban shekaru. A yanka ta kamar tubali, a jera ta bushe, a kawo gida. Tana ci a hankali, tana da hayaƙi. Hayaƙin ya tashi ya cika ƙarƙashin rufi, ya riƙa sulalewa ta cikin jinka.

Rufin yana zaune ne a kan manyan itatuwa masu ƙwari da aka kafa bibbiyu a jikin bango, suka haɗa kai a sama. A kansu aka gicciya ƙananan itatuwa, aka ɗaura ciyawa ta farko, sa'an nan aka baibaye da karan hatsi. Shekara da shekaru hayaƙi yana bin itatuwan da cikin jinkar, har suka yi baƙi ƙirin da kunkunniya.

A nan akwai abin mamaki. Al'adar masu baibaya a Devon ita ce, idan jinka ta tsufa ba sa kware ta duka. Sai su cire ta sama da ruwa ya ci, su ɗora sabuwa a kan ta ƙasa. Baibayar karan alkama mai kyau takan yi shekara 25 zuwa 40, ƙololuwar rufin kuma ana sabunta ta bayan shekara 10 zuwa 15. Tun da ana yin haka a kan kari, ruwa bai taɓa kaiwa ga shimfiɗar farko ba, kunkunniya kuma ta hana ƙwari cin ta. Ta haka a Higher Uppacott da wasu gidajen Devon aka sami jinkar da aka ɗaura tun zamanin murhun tsakar ɗaki tana nan a ƙarƙashin sababbi. Lardin Devon ya fi ko'ina a Ingila yawan irin wannan baƙar jinka.

Masana ilmin tsirrai sun ɗebi kaɗan daga irin wannan jinka a gidaje dabam-dabam sun bincika. Suka sami zangarniyar alkama iri-iri, da ta wani hatsi ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, har da ciyayin da suka tsiro a tsakanin shuka. Da wannan aka san abin da manomin wancan zamani ya shuka, da tsawon karan hatsinsa, da yadda ya girbe shi. Manomin bai rubuta komai ba, amma rufin ɗakinsa ya adana labarin gonarsa.

WAƊANDA SUKA ZAMA KUFAI

Ba kowane dogon gida ne ya tsira ba. Ba da nisa sosai ba, a gindin wani tsauni da ake kira Hound Tor, akwai kufan wani ƙauye. A shekarun 1960 wata mai binciken kayan tarihi, Marie Minter, ta jagoranci tona wurin. Aka sami harsashin dogayen gidaje huɗu na ƙarni na 13, wasunsu da kwatar shanu, tare da wasu ƙananan ɗakuna da rumbuna. A cikin wasu rumbunan an sami tanderun busar da hatsi, alamar cewa laima takan hana amfanin gona bushewa a fili, sai an hura masa wuta.

Ƙarni na 14 ya zo wa mutanen Ingila da masifu a jere. Daga 1315 zuwa 1317 ruwa ya yi yawa, hatsi ya ruɓe a gona, aka yi babbar yunwa a arewacin Turai. A 1319 da 1320 annobar shanu ta biyo baya, ta kashe shanu masu ɗimbin yawa. A 1348 kuma annobar mutane ta shigo ta wata tashar jiragen ruwa a Dorset, lardin da ke maƙwabtaka da Devon, ta hallaka tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar. Da mutane suka ragu, gonaki masu kyau a kwari suka zama babu masu noma su. Wanda ke wahala a saman tudu ya sami inda ya fi. Zuwa farkon ƙarni na 15 an watse daga Hound Tor. Da aka daina hura wuta, aka daina gyaran jinka, rufi ya rufta, bango ya bi shi. Yau abin da ya rage bai wuce tsayin ƙugu ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Higher Uppacott yana gefen tudun ne, kusa da kwarin kogin Dart, inda ƙasa ta fi dama. Mutane suka ci gaba da zama a cikinsa, kuma zaman nan shi ne matakin farko na tsirarsa.

YADDA GIDAN YA RIƘA SAUYAWA

Daga wajen shekarar 1500 kuɗi ya fara shiga hannun mutanen Dartmoor ta hanya biyu. Ta farko gashin tumaki, wanda ake saƙa tufafi da shi a garuruwan Devon ana kai wa ƙasashen waje. Ta biyu kuza, irin wadda aka haƙa a Jos, domin dutsen Dartmoor ma yana ɗauke da ita. Garin Ashburton, da ke kusa da Poundsgate, yana cikin garuruwa huɗu da doka ta ce a kai kuza a auna a biya haraji. Haƙar kuza ta kai ƙololuwarta a wajen 1524. Ana cewa da kuɗin masu kuza aka gina doguwar hasumiyar cocin Widecombe. Manomi ya sami kasuwar nama da cuku da ulu, ya fara tunanin gyara gidansa.

Abin lura shi ne, bai rushe gidan ya sake sabo ba. Ya bi shi ne sashe-sashe, wani aikin uba ya fara, jika ya ƙarasa. A Higher Uppacott da sauran irinsa, manyan gyare-gyaren sun faru ne a ƙarni na 16 da na 17.

Mataki na farko a yawancin gidajen shi ne a shimfiɗa katako a saman ƙaramin ɗakin ƙurya, a sami ɗakin kwana a sama, ana hawa da tsani. A wani gida mai suna Sanders da ke ƙauyen Lettaford, wanda aka gina wajen 1500 da sassaƙaƙƙen dutse, har yau ana ganin yadda ɗakin sama ya ɗan leƙo cikin babban ɗaki. A wannan mataki wuta tana nan a tsakar ɗaki tukuna.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi sauya zaman gidan, wato gina murhu mai bututun hayaƙi. Aka gina shi da manyan duwatsu, bayansa na jingine da lungun shiga. Aiki biyu ya yi a lokaci ɗaya. Ya fitar da hayaƙi ta sama, sa'an nan katon bangonsa ya zama shinge tsakanin mutane da shanu. Bakin murhun yana da faɗi, har mutum zai iya zama a gefensa. Daga baya akan huda gefensa a sa tanderun gasa burodi, wani na dutse, wani na yumɓu da ake ginawa a arewacin Devon.

Mataki na uku ya biyo bayan na biyu. Tun da hayaƙi ya sami hanyarsa, babu sauran dalilin barin saman babban ɗaki a buɗe. Sai aka shimfiɗa katako a kansa shi ma, aka yi matakala, gida ya zama bene. Iyaye suka sami ɗakinsu, 'ya'ya da barori suka sami nasu. Gilashi ya yi araha, aka faɗaɗa tagogi, haske ya shigo. Baƙaƙen itatuwan rufi da baƙar jinka kuwa suka ɓuya a sama, ba wanda ya taɓa su.

Mataki na huɗu shi ne ƙari a gefe. A ƙarni na 17 aka yi wa Higher Uppacott wani reshe da ya fito daga jikin tsohon ginin, don a sami ƙarin wurin zama. A wasu gidajen an gina ɗan shirayi na dutse a bakin ƙofa, maigida ya sa a sassaƙa shekarar da harufan farko na sunansa a kai. A da yawa kuma an huda wa shanu ƙofarsu dabam, ƙofar lungu ta zama ta mutane kaɗai.

A harabar wasu gidajen yankin akwai wani ɗan gini kewayayye mai rufin dutse, wanda ya kamata manomi ya ji labarinsa. Ɗakin toka ne. Kowane dare kafin a kwanta, sai a kwashe garwashi da tokar murhu a kai can, don kada tartsatsi ya kama jinka mutane na barci. Tokar ta taru a bushe, ruwa bai wanke ƙarfinta ba, in lokacin shuka ya zo a watsa a gona. Wani lokaci kaji kan kwana a samansa saboda ɗumi, kashinsu ya ƙara wa tokar kyau. Gini ɗaya ya yi maganin gobara, ya kuma tara taki.

ZAMANIN BAYA-BAYAN NAN

A ƙarni na 19 da na 20 kiwo ya sake kama. Garke ya yi girma, aka gina wa shanu rumfunansu dabam a nesa da gida, kuma dokokin tsabtar madara suka tsananta. Wasu tsofaffin gidajen suka koma hannun 'yan ƙwadago, wasu aka cire musu jinka aka sa fallen dutse ko kwano. Daga baya mutanen birni masu kuɗi suka riƙa sayen su, suna cike kwata, suna daɓe wajen shanu, suna mayar da shi falo. Ta haka aka rasa asalin tsarin gidaje da yawa.

A shekarar 1951 gwamnatin Ingila ta sa Dartmoor cikin yankunan da ake kiyayewa don amfanin ƙasa baki ɗaya, amma ba a tashi manoma da makiyayan wurin ba. A 1979 hukumar da ke kula da yankin ta sayi Higher Uppacott domin kada sashen shanunsa ya bi sahun sauran, ta kuma riƙa kai masu ziyara da ɗalibai su gani. Har ila yau gidan yana cikin aji na ɗaya a jerin gine-ginen tarihi na Ingila, ajin da gini biyu ko uku ne kawai cikin ɗari na jerin ke samun shiga. Ma'anar haka ita ce, ko wane ne ya mallake shi, ba shi da ikon rushe bango ko sauya rufi sai da izinin hukuma.

Masu gyaran irin waɗannan gine-gine sun koyi wani darasi da tsada. A da an ɗauka siminti shi ne maganin kowane tsohon bango. Daga baya aka ga siminti yana kulle laima a cikin bangon da aka gina da dutse da ƙasa, har itacen da ke ciki ya ruɓe. Yanzu sukan ɓamɓare simintin su mayar da farar ƙasa, wadda ke barin bango ya sha iska ya bushe. Maginin ƙasar Hausa da ya ga yadda shafen siminti ke ɓallewa daga bangon ƙasa bayan 'yan damuna, ya san wannan magana.

ABIN DA ZA A ƊAUKA

Tarihin wannan gida ya nuna abu uku.

Na farko, maginansa sun dubi ƙasarsu kafin su aza dutse. Sun san inda iska ke fitowa da inda ruwa ke gangarawa, suka sa mutum a sama, dabba a ƙasa, juji a can ƙarshe. Duk mai shirin gini ya kamata ya tsaya ya dubi gangaren filinsa, don kada ruwan turke da na masai su bi ta tsakar gida ko su nufi rijiya.

Na biyu, duk da tsufan gidan, mazaunansa ba su riƙe abin da ke cutar da su don kawai sun gada ba. Da suka sami hali, suka fitar da hayaƙi, suka raba ƙofarsu da ta shanu. Maganar hayaƙi ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane kimanin miliyan 3.2 ne suka mutu saboda cututtukan da hayaƙin girki a cikin gida ke jawowa, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙar sa. Taga a ɗakin girki, ko murhu mai bututu, ba ƙawa ba ce, kariya ce ga ƙirji da ido.

Na uku, abin da ya raba Higher Uppacott da kufan Hound Tor ba ƙarfin dutse ba ne, domin dutsen iri ɗaya ne. Bambancin shi ne ɗaya an ci gaba da zama a cikinsa ana gyara rufinsa, ɗaya an bar shi. A cikin shekara 600 an sake baibayar gidan sau da yawa, kuma kowane karo wani maigida ne ya hau ya duba, ya tanadi kara, ya kira mai baibaya kafin ruwa ya kai ga itace. Da mutum ɗaya a cikin jerin nan ya yi sakaci na shekara ashirin, da yau babu gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ne zai toshe.

Don haka tun rani bai wuce ba, mai jinka ya tanadi shuci, mai soro ya yi yaɓe ya duba indararo, mai dabba ya tara takinsa da tokarsa wuri guda inda ruwa ba zai wanke su ba.

Allah Ya ba da damuna mai albarka, Ya tsare gidaje da dukiyoyi.